Kwalliyar kek ɗina ba ta biyan kuɗin sabulu: ina neman shawarar masu sana'a a Legas

Maman Hanan, Agege

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayena da yayyena na wannan zaure, musamman waɗanda suka riga ni shiga sana'ar kek a Legas. Shekara uku ke nan ina yin kek a gida a nan Agege, kuma cikin ikon Allah hannuna ya faɗa, har wasu idan suka ga aikina sukan ɗauka daga wani babban shago na Ikeja aka sayo shi. Abin da ya sa na kawo kukana gare ku shi ne, yabo dai ina samunsa, amma idan wata ya ƙare na zauna lissafi, sai in tarar kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Bari in ba da misali da aikin da na kai ranar Asabar da ta wuce, domin shi ne ya hana ni barci. Wata 'yar'uwar maigidana ce take aurar da 'yarta, ta turo mini hoton kek mai hawa uku da ta gani a Instagram, ta ce irinsa take so a ajiye a wurin kamu. Na ƙasa inci 10 ne, na tsakiya inci 8, na sama inci 6, an lulluɓe su da farin fondan, wato kwaɓin sukarin da ake murzawa a rufe kek da shi, sannan furannin sukari sun gangaro ta gefe guda tun daga sama har ƙasa. Na ce mata naira 95,000. Ta yi dariya ta ce, "Haba Maman Hanan, kek ne fa, ba akwatin lefe ba." Ta taya 60,000, na ce albarka, sai ta kira maigidana a waya, daga ƙarshe dai na sallama a 70,000 saboda kunya.

Furannin nan guda 36 ne, kuma kowanne sai da na murza ganyensa ɗaya bayan ɗaya, na jera su a kiret ɗin ƙwai domin su bushe a lanƙwashe, sannan na bi su da ƙaramin burushi ina shafa musu launi. Dare uku na yi ina wannan aiki bayan yara sun kwanta, kuma da na haɗa da gashi da lulluɓi da kaiwa, sai na ga ya ci mini awa 22. Kayan haɗi, wato fulawa da sukari da ƙwai da bota da madara da fondan da kala, sun ci 40,000. Gas da man janareta sun ci 6,000, kwali da allon ɗora kek da sandunan tokari 5,000, motar da na ɗauka shata zuwa zauren bikin kuma 9,000. Abin da ya rage a hannuna naira 10,000 ne, ga ciwon bayan da na kwana biyu ina fama da shi.

Ina da maƙwabciya da ba ta taɓa murza fure ko ɗaya ba, cincin take yi da donat da ƙananan kek na kofi tana kai wa shagunan unguwa, amma bana ta sayi sabon firji da kuɗin sana'arta. Ba hassada nake mata ba, Allah Ya ƙara mata buɗi, sai dai abin ya sa ni tunani. Shin in bar wannan aikin ado da nake ƙauna in koma irin nata, ko kuwa akwai hanyar da mutum zai riƙe fasaharsa kuma ya ci abinci da ita? Ta yaya kuke yanka farashi ba tare da kun kori abokan ciniki ba?

Hajiya Mai Kek, Idi-Araba

Wa alaikumus salam, 'yata. Na karanta bayaninki sau biyu, kuma abin da ya fi burge ni shi ne kin ƙirga awoyin da kika yi, domin da yawa daga cikinmu mun shekara goma a wannan sana'a ba mu taɓa ƙirga su ba. Bari mu fara da su. Kin samu naira 10,000 a awa 22, wato kusan naira 450 ke nan a kowace awa. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin jihar Legas ta sanar a watan Oktoban 2024 naira 85,000 ne a wata, kuma idan kika raba shi a kan kwana 22 na aiki, awa takwas kowace rana, zai ba ki kusan naira 480 a awa. Ke nan ke da kika biya kuɗi kika koyi aikin hannu, kika sayi obin da na'urar kwaɓi da kuɗinki, kin yi aiki a ƙasa da ladan ma'aikacin da ba a biyan kowa ƙasa da shi. Fasaharki ba ta da laifi a nan, kyauta kika bayar da ita.

Ga yadda nake lissafi, kuma da alƙalumanki zan yi domin ki gani da idonki. Abin da kika kashe 60,000 ne. Ki sa wa kanki lada a kowace awa kamar yadda za ki biya wata idan ita kika ɗauko ta yi miki aikin, a ce naira 1,500, wanda ba shi da yawa ga mai irin hannunki. Awa 22 ya zama 33,000, jimla 93,000. Har yanzu ba a zo kan riba ba, domin ladan aikinki daban, ribar sana'a daban. Ribar ita ce za ta gyara na'urar kwaɓi ranar da ta ƙone, ita za ta biya kek ɗin da ya faɗa a obin saboda gas ya ƙare ana tsakiyar gashi, ita ce kuma za ta sayo sababbin gwangwanaye. Idan kika ɗora kashi 20 cikin ɗari, kek ɗin nan ya kama naira 111,600. Kin ga ko 95,000 da kika fara faɗa, wadda aka yi wa dariya, da ƙyar ta rufe kashewa da ladanki.

Na san za ki ce wa zai biya wannan kuɗi a Agege. Amsata ita ce, wanda ba zai biya kuɗin fure 36 ba sai a yi masa fure shida. Kuskuren da kika yi ranar nan ba ragin ba ne, ragi ai al'adar ciniki ce, kuskuren shi ne kin rage kuɗi amma ba ki rage aiki ba. Ni tun da daɗewa na raba farashina gida biyu, akwai kuɗin kek, akwai kuɗin ado. Kuɗin kek ya danganta da girma da irin kwaɓin, kuma ba a taya shi. Kuɗin ado kuwa da awa nake auna shi, kuma a nan ne ake ciniki. Idan mace ta turo mini hoto ta ce kuɗinta bai kai ba, sai in ce, "Hajiya, a wannan kuɗin zan yi miki hawa uku da lulluɓi mai santsi da furanni shida a sama, idan kina son su gangaro har ƙasa kamar na hoton, ga abin da za ki ƙara." Mafi yawansu sukan zaɓi na tsakiya, wasu kuma su ƙara kuɗin, domin sun gane cewa kowane fure yana da farashinsa. Araha dai ba ta ado, kuma su ma sun san haka, tunda ba sa taya mai ɗinkin leshi yadda suke taya mu.

Abu na biyu shi ne sikeli da littafi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a sana'ar kek kimar ido ita ke cinye jari. Ki auna komai da giram, ki rubuta nawa kwaɓin inci 8 ɗinki yake ci na fulawa da sukari da bota, ƙwai nawa, sannan duk ranar da kika dawo daga sari ki sake lissafin. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, aka kuma saki naira a watan Yunin shekarar, farashin kayanmu bai sake zama wuri guda ba. Galibin alkamar da ake niƙa fulawarmu da ita daga waje ake shigo da ita, ta tashar Apapa da ke kusa da mu take sauka, bota mai kyau da cakulan da kalolin ado su ma yawanci na waje ne, saboda haka duk motsin da dala ta yi sai ya iso kicin ɗinki. Shi ya sa idan na ba mutum farashi nakan gaya masa na mako biyu ne, idan bai ba da komai ba a cikin wannan lokaci sai mu sake magana.

Akwai kuma wani kuskure da na daɗe ina yi kafin ɗana ya nuna mini shi a takarda. Muna ɗauka tunda inci 10 ya ɗara inci 8 da biyu kacal, to ƙarin kuɗinsa ma kaɗan ne. Ba haka ba ne, domin girman da'ira da lambar sau kanta yake tafiya: takwas sau takwas 64, goma sau goma 100, wato gwangwanin inci 10 yana cin kwaɓin inci 8 sau ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya idan tsayinsu ɗaya. Inci 12 kuwa yana cin na inci 6 har sau huɗu, ba sau biyu ba. Ki duba jerin farashinki yau, ina kyautata zaton manyan kek ɗinki ne suka fi cutar ki.

Baban Sadik, Mile 12

Assalamu alaikum. Ina neman afuwar iyaye mata da na tsoma baki a maganar da ba fagena ba. Ni akawu ne a wurin dillalan albasa a kasuwar Mile 12, amma maiɗakina tana wannan sana'a kuma ni ke riƙe mata littafi, saboda haka na ga abin da Malama Maman Hanan take faɗa a cikin gidana. Hajiya, ranki ya daɗe, lissafinki ya fita, ina so ne kawai in ƙara abin da ya shafi riƙon kuɗin bayan an yanka farashin.

Da farko, kuɗin sana'a kada ya kwana a jaka ɗaya da kuɗin cefane. Shekarar farko da maiɗakina ta fara, duk ranar da aka biya ta sai a sayi kifi da kuɗin, a biya kuɗin makarantar Islamiyya, a ba wa baƙo na mota, idan sabon aiki ya zo kuma sai ta nemi rance a wurina domin sayen fulawa, tana mai cewa sana'ar ba ta da riba, alhali ribar muka cinye. Maganin da muka yi shi ne ta yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ta buɗe asusu da wannan suna, kuma a ƙarshen wata ta cire wa kanta albashi ƙayyadadde. Rajistar ta ƙara mata wani amfani, domin ofisoshi da makarantu sun fi sakin jiki su tura kuɗi zuwa asusun kasuwanci su karɓi rasit. Idan kuma wata rana aka kai ga ƙulla cincin ko kek a leda da tambari domin sayarwa a manyan kantuna, to sai an bi ta hukumar NAFDAC an samu lamba.

Na biyu, kada a kunna obin sai an karɓi kafin alƙalami wanda aƙalla zai rufe kuɗin kaya gaba ɗaya, mu kashi 70 muke karɓa, sauran kuma a cika kafin kek ya bar gida. A rubuta komai a WhatsApp, girma da launi da rana da wurin kaiwa da wanda zai biya kuɗin mota, a sa mai aikin ya amsa da cewa ya yarda. Kuma kada a yarda da hoton shaidar tura kuɗi, sai an buɗe asusu an ga sun shiga, domin an taɓa karɓe mana kek na suna da alat na bogi. Kuɗin kaiwa ma a ware shi daga farashin kek, saboda tafiya daga Agege zuwa Ikeja da tafiya daga Agege zuwa Lekki ba abu ɗaya ba ne, ga shi kek mai hawa ba ya hawa babur, balle ma tun watan Yunin 2022 an hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomin.

Game da tambayarki ta farko kuwa, Malama, ni ra'ayina ya fi karkata ga maƙwabciyarki. A kasuwa mun saba ganin cewa mai sayar da kashi-kashi kullum ya fi mai jiran babban ciniki sau ɗaya a wata kwanciyar hankali. Bukukuwanmu suna da lokaci, sukan yi yawa gab da azumi da bayan Sallah da kuma watan Disamba, idan Ramadan ya kama sai aikin kek na biki ya tsaya cik, amma cincin da donat ba su da hutu. Da ni ne da na mayar da ƙarfina can, na bar kek ɗin ado sai wanda ya zo da kuɗinsa cikakke.

Ummu Fadil, Obalende

'Yar'uwa Maman Hanan, sannu da ƙoƙari, kuma Allah Ya ba ki lafiyar bayan. Na yarda da duk abin da Baban Sadik ya faɗa a kan riƙon kuɗi, amma ban yarda da shawararsa ta ƙarshe ba. Masu cincin da donat a Agege kaɗai ba za su ƙirgu ba, kuma da yake kayansu iri ɗaya ne, da farashi kawai suke gasa, kowa yana ƙoƙarin ya fi ɗan'uwansa araha. Ke kuwa Allah Ya ba ki abin da ba kowa ke da shi ba, idan kika ajiye shi kin shiga layin da ba ki da fifiko a cikinsa. Ki yi ƙananan kaya domin su riƙe miki kuɗin gas a watannin da babu biki, wannan daidai ne, amma abin da ya kamata ki sauya shi ne irin adon da kike yi, ba ki bar ado ba.

Hotunan da ake turo mana yawancinsu a ƙasashen sanyi aka yi su, irin su Ingila da Rasha, a ɗakunan da iska take a bushe, wasu ma yanzu ba kek ba ne sam, kwamfuta ce ta ƙirƙiro hoton. Mu kuwa a bakin teku muke. Sukari yana zuƙar danshin iska, shi ya sa furen da zai bushe a kwana ɗaya a Kano yakan kwana uku a nan yana laushi, musamman daga Afrilu zuwa Yuli da ruwa yake sauka. Bota kuma tana fara narkewa ne daga wajen digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, zafin da cikin mota yakan wuce shi da rana idan babu na'urar sanyaya. Na koyi wannan da hawayena. Wani watan Yuni na ɗauki kek mai hawa huɗu da na yi wa lulluɓin kirim ɗin bota a ƙarƙashin fondan, na fito da shi daga firji kai tsaye na sa a mota, gosulo ya riƙe mu a gadar Third Mainland fiye da awa biyu. Ina zaune a baya ina kallon fondan yana gumi, jan launin furanni yana tsiyaya a kan fari kamar an yanka kaza, hawa na uku kuma yana zamewa a hankali duk lokacin da direba ya taka birki. Na mayar da rabin kuɗin, kuma na yi sa'a da matar mai haƙuri ce.

Tun daga ranar na sauya abubuwa da dama. A ƙarƙashin fondan ganash nake sawa, wato cakulan da aka narkar da kirim, kashi biyu na baƙin cakulan da kashi ɗaya na kirim, idan fari ne kuma kashi uku da ɗaya, domin ya fi kirim ɗin bota jure zafi. Ba na haɗa hawa sama da biyu a gida, kowanne da kwalinsa, a shimfiɗe a ƙasan mota ba a kan kujera ko cinya ba, sai na isa zaure in haɗa. Idan kek ya fito daga firji nakan bar shi a rufe a cikin kwali har ya huce, domin raɓar ta sauka a kan kwalin maimakon fondan. Furanni kuma ba na jiran sai an ba ni aiki, a watan Janairu da ɗan hunturun da muke samu, da kuma cikin azumi da aiki yake ja baya, nakan zauna in yi su da yawa da garin CMC, wato garin da ke sa kwaɓin sukari ya taurare, a cikin kwaɓin domin su yi ƙarfi, in adana a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi. Aikin da aka yi a jere sau hamsin ya fi sauri nesa ba kusa ba a kan wanda ake yi cikin dare ana kallon agogo.

Amma abin da ya fi sauya mini kasuwa shi ne ranar da na daina kwaikwayon hotunan mutane. Kafin kek ni mai zanen lalle ce, sai wata rana na ɗura aisin na farin ƙwai, wato kwaɓin farin ƙwai da garin sukari, a leda kamar yadda nake ɗura lalle, na zana wa kek irin zanen da nake wa amare a hannu. Bai kai mini awa ɗaya ba, amma a wurin bikin ya fi duk furannin da na taɓa yi jan ido, kuma wannan aisin idan ya bushe ba ya narkewa da zafi yadda bota take yi. Daga nan na shiga ɗauko dagin Arewa, da zanen aska takwas na babbar riga, da irin adon bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano, da sassaƙar ƙwaryar Fulani. Yarbawa da Ibo da suke zuwa bukukuwanmu su ma suka fara nema, kuma ba wanda zai ce mini ya ga irinsa da araha a wani wuri, tunda babu inda zai kwatanta. Furen Turawa kowa yana yi, kuma kullum akwai wadda za ta fi ki araha a kansa.

Kada kuma ki raina amanar da mutanenmu suke nema a abin da za su ci. Wasu nau'o'in fondan ana haɗa su da jelatin, wanda ana iya samo shi daga alade ko daga saniya, kek ɗin 'ya'yan itatuwa na bikin Turawa bisa al'ada da giya ake jiƙa shi, kuma masu ado da yawa da barasa suke dama garin zinariya kafin su shafa. Idan kina karanta takardar jikin kayanki, kina kuma gaya wa masu saye abin da kika sa da abin da kika guje wa, wannan ma daraja ce da ake biya. Haka nan akwai gidajen da ba sa son a ɗora mutum-mutumin ango da amarya a kan kek, kuma zanen lalle da dagi sun raba ki da wannan matsala tun daga tushe.

Maman Hanan, Agege

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya ƙara girma. Jiya na zauna da sikeli da littafi kamar yadda Hajiya ta ce, kuma maganarta ta tabbata, domin na tarar ina sayar da inci 10 da ƙarin kuɗin da bai kai na ƙwan da yake ci ba. Yau kuma wata ta turo hoton kek ɗin walimar saukar karatu, na raba mata kuɗin kek da kuɗin ado, na ba ta zaɓi uku, ta ɗauki na tsakiya ba tare da jayayya ba, har ta turo kafin alƙalami. Ummu Fadil, ni ba na zanen lalle, amma mahaifiyata mai ɗinkin hula ce kuma na tashi ina zana mata a takarda, zan gwada a kan kek ɗin gwaji na soso in gani ko hannun bai manta ba.

Saura abu ɗaya da har yanzu yake damuna, Hajiya, shi ne maganar dangi. Baƙo zan iya ce masa albarka in tsaya a kai, amma idan dangin maigida ne suka kira shi a waya, ya shigo ya ce in duba zumunci, ban san yadda zan yi ba tare da an ce na fifita kuɗi a kan 'yan'uwa ba.

Hajiya Mai Kek, Idi-Araba

'Yata, wannan kowa ya sha shi, ni har kek ɗin auren ƙanwar kishiyata na yi a kan kuɗin fulawa kawai, kuma ko sannu ban samu ba, domin a ganinsu saye suka yi. Abin da na gane daga baya shi ne, ragin da ba a faɗi adadinsa ba ba a lissafa shi a matsayin alheri. Matar nan da ta ba ki 70,000 yanzu haka tana ganin ta yi miki ciniki ne, ba ta san kin ba ta gudummawar fiye da naira 40,000 ba, kuma gobe za ta gaya wa ƙawayenta cewa a Agege ana yin hawa uku da furanni a 70,000, su ma su zo da wannan farashin a bakinsu.

Yanzu idan ɗan'uwa ya zo, nakan rubuta masa cikakken farashi kamar na kowa, a ƙasa in rubuta abin da na yafe da sunan gudummawata ta biki, sannan abin da zai biya. Ranar biki kuma ba na sake kai wata gudummawa, wannan ita ce tawa, kuma kowa ya gan ta a rubuce. Shi kuma maigidan naki ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ki ajiye masa littafin nan a gaba, ki nuna masa awa 22 da naira 10,000, ki tambaye shi nawa yake ganin ya dace ku riƙa yafe wa dangi a shekara, ku tsayar da adadi tare. Idan an sake kiransa a waya, shi da kansa zai ce bari ya duba abin da ya rage a kason dangi. Idan kin gwada zanen hular a kan soson, ki turo mana hoton mu gani, kuma ki duba agogo lokacin da kika fara da lokacin da kika gama.